Na sayi risiba mai naɗar shiri amma babu layin waya a gida, zai yi aiki kuwa?

Dan_Misfala ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ya ibada ya zafi. Don Allah tambaya gareni ga waɗanda suka san harkar dish da risiba. Juma'ar da ta wuce na sauka Jidda na kai wani baƙo filin jirgi, a hanyar dawowa na biya harajin Sawarik, kasuwar kayan hannu, ina ɗan dube dube, sai na ci karo da wani risiba na hannu irin wanda yake naɗar shiri ya ajiye maka ka kalla daga baya, wanda ake cewa DVR ɗin nan, riyal 120 na biya har da rimot. Dalilin sayen kuwa Hajiyarmu ce. Shekaru sun ja, ƙafa ta hana ta sauka Harami kamar da, to a talabijin take bin sallah, tarawihi tana jurewa amma tahajjudin goman ƙarshe kafin a tayar barci ya kwashe ta saboda maganin da take sha, da safe kuma ta tashi tana mita wai mun ƙi tashinta. Nace bara kafin azumi ya kama in samo abin da zai naɗe mata karatun ta saurara da hantsi. Ni ma kuma dawam ɗin dare nake, wato aikin dare, a otel, ƙwallo duk wuce ni take sai dai in ji labari wajen yara.

Ga inda gizo ke saƙa. A bayan risiban akwai wani ɗan rami mai kusurwa huɗu da hoton kan waya a samansa, wanda ya sayar min yace wai dole sai na jona shi da layin wayar gida, ta nan yake sanin lokaci da jadawalin shirye shirye, in ba haka ba ba zai naɗi komai ba. Mu kuwa sabit ɗinmu, wato wayar gida, tun rasuwar Abuya mahaifinmu muka sa aka yanke, kuɗin wata kawai ake biya babu mai ɗagawa, kowa da jawwal ɗinsa, wato salula, a hannu. Gidan da muka koma yanzu ma ko ramin waya ban gani a bango ba, intanet da rawtar shariha, wato mai amfani da sim, muke yi. To jama'a in je in sake neman layi ne saboda risiban riyal 120, ko kuɗina sun bi ruwa? Ban ma jona shi ba har yanzu yana nan cikin leda.

Usta_Karantina ya rubuta:

Wa alaikumussalam Malam Dan Misfala, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya ya saka maka da alheri. Kar ka nemi wani layi, ka fito da abinka daga leda. Fiye da shekara goma nake ɗaura dish a Jidda tun muna Karantina kafin a rushe unguwar sunan dai ya bi ni, kuma ban taɓa jona wa wani risiba da wayar gida don ya yi rikodin ba, ko sau ɗaya. Mai sayarwan ko dai bai sani ba ko kuma ya ji ana faɗa ne ya ɗauka.

Abin da risiba yake buƙata don ya naɗi shiri abu uku ne, wayar dish da ke kawo hoto, wurin da zai zuba abin wato hadis (hard disk) na ciki ko wanda ake maƙalawa ta USB, sai agogo mai tafiya daidai. Shi lokacin ma da yace ta waya yake zuwa, ta tauraron yake saukowa tare da hoton, jadawalin ma haka, in tashar ta ga dama ta aiko. Nace in ta ga dama saboda a taurarin Nilesat da Arabsat da yawan tashoshin kyauta ba sa aiko cikakken jadawali, wata ta nuna maka shirin da ake yi da wanda zai biyo baya shikenan, wata kuma ka danna ka ga fili fetal babu komai. To ba sai ka jira jadawali ba, ka shiga wajen mu'akkit, wato wurin saita lokacin naɗa, ka zaɓi tasha da hannunka ka sa ranar ka sa a fara ƙarfe kaza a tsaya ƙarfe kaza, ka zaɓi kullum in kana so ya riƙa maimaitawa. Tashar Alƙur'ani ta Makka kyauta ce kuma dare da rana daga Harami take, don haka na Hajiya ba shi da wata wahala sam.

Amma kafin nan ka ɗan duba ramin da kyau. Na waya ƙarami ne, na intanet ya fi shi faɗi kuma in ka leƙa ciki za ka ƙirga sili takwas, galibi an rubuta LAN a jikinsa. Mutane da yawa suna rikita su. In mai faɗin ne to ai ka huta, waya ɗaya daga rawtar shariharka zuwa nan ta isa, babu ruwansa da ko intanet ɗin na alyaf ne wato fiber ko na shariha ne ko na kamfanin STC ko Mobily ko Zain, shi dai ya samu. In ƙaramin ne ka bar shi haka nan ƙura ta ci gaba da kwana a ciki.

Abin da ni ya fi damuna da kayan haraj ba ramin waya ba ne, biyu ne. Na farko hadis ɗin ciki, in tsoho ne ya sha wuta shekara da shekaru to ka kasa kunne lokacin da ka kunna, in kana jin wani ƙas ƙas ƙas kamar agogon bango to ya kusa tafiya, kar ka ɗora masa amanar karatun Hajiya. Na biyu ka duba gabansa ko akwai tambarin wani kamfanin biyan kuɗi da wurin zura kati, domin irin waɗannan akwai waɗanda ake kulle musu naɗar shiri sai kana da rajista mai rai, kuma abin da suka naɗa a kulle yake ba za ka cire ka kalla a kwamfuta ba. Ka turo mana sunan da ke jikinsa ko hoton bayansa in faɗa maka.

Abu_Fahad_07 ya rubuta:

slm. wlh kawu ni ban gane wahalar da kake shirin sha ba, wa yake rikodin a wannan zamanin, duk karatun harami ana dorawa a YouTube kafin asuba, musalsal wato fim mai dogon zango kuma yana manhajar Shahid, ka saya wa Hajiya karamin tab ka hada mata khalas. kwallo ma akwai mulakhas wato takaitawa minti goma ka ga kwallayen ka kwanta

Ummu_Sumayya_Madina ta rubuta:

Abu Fahad kai yaro ne shi yasa, ka taɓa ba tsohuwa tab ka koma gefe ka ga ikon Allah? Tawa surukar yatsa ɗaya za ta ɗora ta tsinci kanta a wani wurin daban ta fara kiran sunayen jikoki ɗaya bayan ɗaya, ga talla ta faɗo a tsakiyar sura. Rimot kuwa maɓalli biyu na nuna mata na ɗaura musu jan salatif, ta danna wannan ta danna wancan karatu ya fara a babban allo da sauti mai ƙarfi yadda kunnenta ke so. Sannan wanda ke kan shariha mai iyaka ai ba zai so kullum awa biyu na bidiyo suna cin datarsa ba, dish kuwa ko gega ɗaya ba ya ci.

Malam Dan Misfala mu ma ba mu da sabit, shekara nawa rabonmu da shi, kuma muna naɗa lafiya lau. Amma bari in ba ka labarin abin da ya same ni don kar ka faɗa ciki. Azumin farko da muka fara na saita mata tahajjud na kwanta da murnata, da safe muka kunna sai ga mutane suna ta ɗawafi ana ta share fili awa guda cur, liman bai ko fito ba, yana tayar da sallah ba a jima ba rikodin ya yanke. Kwana biyu ana haka ina zagin risiban a raina ashe agogonsa ne ba daidai ba, wani yaro ya taɓa wajen da ake cewa taukit saifi, wato agogon bazara, ya kunna shi, sai ya ƙara awa ɗaya. Mu nan Saudiyya ba ma canza agogo rani ko sanyi, a kan GMT+3 muke kullum, to ka tabbata haka aka sa kuma wancan na bazarar a kashe yake. Kuma in tasha ta faɗi lokacin shiri ka saurara da kyau ko da agogon Makka ta faɗa ko na Alkahira, tunda Masar ta dawo da canza agogo a 2023, da zafi lokacinmu ɗaya da su, da sanyi kuma mun riga su da awa guda. Ni yanzu kullum ina ƙara minti goma a gaba da minti ashirin a baya, gara ya ɗauko ɗawafi kaɗan da a yanke mata addu'ar ƙunuti, don ranar da aka yanke mata ƙunuti ba a zauna lafiya a gidan nan ba.

Baba_Rusaifa ya rubuta:

Salamu alaikum 'ya'yana. Usta ya gama magana, ni dai zan ɗan ƙara ne a kan inda zancen wayar ya samo asali, don mai sayarwan ba daga iska ya ɗauko ba, labari ne na gaskiya amma na wata ƙasa kuma na wani zamani.

Na yi zaman Ingila na wasu shekaru kafin in dawo nan kusa da ɗakin Allah. A can lokacin da kamfanin talabijin na Sky suka fito da akwatinsu mai naɗar shiri a 2001, cikin sharaɗin da kake sa hannu akwai cewa akwatin zai zauna jone da layin wayar gida shekarar farko, in kuma kana da akwati biyu a gida ɗaya to sai dai su zauna a jone kullum. Ba don naɗar shiri ba ne, shi akwatin ne yake buga waya da kansa cikin dare ya kai rahoton fim ko damben da ka saya da rimot don a sa maka a lissafi, su kuma ta lambar da ya kira da ita suke gane cewa akwatin na biyu yana gidanka ba ka kai wa ƙaninka a wani gari ba. Akwatin Amurka kuwa mai suna TiVo da ya fito a 1999 shi kam da gaske ta waya yake samun jadawali, kullum sai ya yi kira ya sauko da na kusan sati biyu ya gyara agogonsa, in aka daɗe ba a jona ba jadawalin ya ƙare ya zauna yana kallonka. To shi ma daga baya da suka sa masa ramin USB mutane suka koma haɗa shi da intanet aka manta da waya. Ka ga ashe ko a can zancen ya tsufa balle a nan.

Abin da zan ja kunne a kai, duk wanda ɗan'uwansa ya ce zai aiko masa da irin na Amurka ya ce masa ya gode ya bar shi. Tsarin tashoshinsu daban da namu, ba ya karɓar wayar dish ɗinmu, jadawalinsa babu tashoshinmu a ciki, wasu kuma wutar 120 kawai suka sani, ka soka a 220 ka ji ƙauri. Tsofaffin gidajen Makka da ke da wuta iri biyu a bango ɗaya kun san abin da nake nufi, ni kaina rediyo biyu na ƙona a Jarwal a shekarun baya.

Wad_Gadarif ya rubuta:

Salam 'yan uwa na Hijaz, daga Sudan nake bin ku. Mu nan dijital muke ce wa risiba, kuma wayar gida kam yaran yanzu ko ganinta ba su taɓa yi ba sai a ofis, amma muna naɗa da filasha lafiya. Mu abin da ke kashe mu kahraba ce, wato wutar lantarki. Ƙananan dijital ɗin nan yawancinsu ba su da batirin agogo a ciki, wuta na ɗaukewa lokaci ya goge, in ta dawo sai ya sake kamo lokaci daga tashar da ya tashi a kanta, kuma akwai tashoshin da agogon da suke aikowa karkatacce ne. Don haka ka riƙa barinsa a kan babbar tasha kafin ka kashe, kuma da rimot za ka kashe ba daga bango ba, in ka zare daga bango babu wanda zai tashe shi ya yi aikin. Tun da aka mayar da agogon Sudan baya da awa ɗaya a Nuwamban 2017 muka koma GMT+2, har yau ina shiga gidaje in tarar dijital ɗinsu na kan 3 suna cewa ya lalace. Ku yi mana addu'ar zaman lafiya a wajen ɗawafi don Allah.

Dan_Misfala ya rubuta:

Amin ya Allah Wad Gadarif, Allah ya kawo muku ƙarshen wannan fitina. Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara girma, wallahi yau na san asalin zancen. Usta na duba, ramin ƙaramin ne na waya, babu mai faɗin, babu tambarin kowane kamfani, akwai wurin kati amma a rufe da roba. Na jona da wayar dish ta amara, wato ginin da muke haya, ya kamo tashoshi, agogo ya zo da kansa sai dai yana baya da awa uku na gyara kamar yadda Ummu Sumayya tace. Amma ashe babu hadis a ciki an cire, da na jijjiga ma na ji shi sakayau. Na sa filasha mai gega 16 da nake da ita na gwada da sallar isha'i ya ɗauka, sai dai hoton yana ɗan tsayawa yana tafiya, kuma da na gwada wasan ƙwallo sai ya raba min shi gida biyu. Sannan ina cikin naɗa na so in canza tasha ya ƙi, wasu yake bari wasu ya hana. Wannan kuma lalacewa ce ko haka suke?

Usta_Karantina ya rubuta:

Haka suke Malam, babu abin da ya lalace, ka ma yi sa'a. Bari in bi su ɗaya ɗaya yadda ka kawo.

Tsayawar hoto filashar ce ba ta da saurin rubutu, araha ce irin ta ajiye takardu, kuma ko mai kyau ce rikodin kullum yana gajiyar da filasha da wuri musamman in ka kunna abin nan da ke ba ka damar tsayar da shiri kai tsaye ka je ka dawo, shi ba ya daina rubutu sam. Ka nemi hadis na waje. Lissafinsa mai sauƙi ne, tashar HD tana cin wajen gega 3 zuwa 4 a awa, wadda ba HD ba kamar ɗaya zuwa ɗaya da rabi, to ka ga 16 ɗinka dare biyu ta cika, amma hadis mai gega 500 zai ɗauke maka goman ƙarshe gaba ɗaya da ƙwallonka har ya yi saura da yawa. Sai dai ka kula, ramin USB na tsofaffin risiba wutarsa kaɗan ce, rabin amfiya ne, wani hadis ɗin in zai tashi yana neman fiye da haka sai ka ji yana ƙit ƙit ya kasa juyawa, ko ya yi aiki yau gobe tsakar dare ya ɓace. Maganinsa ka sayi mai nasa abin wutar daban ko waya mai kai biyu ka soka ɗaya kan a cajar waya. Kar ka sayi mai girma sosai ma, tsofaffin nan wasunsu ba sa gane wanda ya wuce tera ɗaya ko biyu, 500 ɗin ya ishe ka.

Rabewar ƙwallo gida biyu kuwa daga tsarin filashar ne, tsarin da ake kira FAT32 ba ya riƙe fayil ɗaya da ya wuce gega 4, da ya kai nan sai risiban ya buɗe sabo. Wani yana haɗa su da kansa wajen kallo wani sai ka danna na biyu. In naka yana karɓar ɗaya tsarin da ake kira NTFS ka yi masa fomat a kai daga cikin risiban kansa ba daga kwamfuta ba, amma ka fara kwashe abin da ke ciki don komai zai goge, na sha ganin wanda ya rasa hotunan biki a nan ya zo yana min kallon ni na ci.

Canza tasha kuma, naka mai kunne ɗaya ne, wato wayar dish ɗaya ke shiga. In yana naɗar wata tasha to ya tsaya a kan wannan taraddudin, wato zangon da tashar take, tashoshin da ke tare da ita a taraddudi ɗaya kawai zai bar ka ka kalla. Mai son ya naɗi wannan ya kalli wancan sai risiba mai kunne biyu da waya biyu daga LNB, wato kan da ke gaban dish, mai baki biyu, kai kuma dish ɗin amara ne ba naka ba, sai ka nemi haris, wato mai gadi, da mai gida, ni ban ga abin da zai kai ka wannan doguwar hanya ba tunda lokacin da yake naɗa Hajiya na barci kai kana dawam. Abu ɗaya dai, ka gaya wa yaran gida kar wanda ya taɓa rimot bayan sha biyun dare, don wasu risiban in aka matsa musu sai su tambaya a tsayar da rikodin, yaro kuma eh kawai zai danna.

Ƙwallon da ka gwada na tashar kyauta ne ko? Don in na tashoshin wasanni na beIN kake nufi wannan sai da nasu akwatin da rajista, wannan naka ba zai buɗe su ba balle ya naɗa.

Dan_Misfala ya rubuta:

Na kyauta ne Usta, wancan a istiraha, wato wurin hutawa, muke kallo in na samu hutu. Na samo hadis mai 500 a wajen wani abokin aikina da ya daina amfani da shi, da waya mai kai biyun, na yi fomat daga cikin risiban ya karɓi NTFS ɗin. Jiya na saita masa sallar asuba don gwaji na tafi dawam, na dawo na tarar ya ɗauka tas tun daga kiran sallah har sallama babu tsayawa. Hajiya ta kalla sau biyu, yanzu kuma cewa take in saita mata ta Madina ma, to su biyun lokacinsu kusan ɗaya ne kuma kunne ɗaya gare shi, nace mata sai dai yau Makka gobe Madina tace a'a ita duka take so. Ummu Sumayya wane maɓallan ne kika ɗaura wa salatif ɗin, don rimot ɗin nan maɓallansa sun fi arba'in.